Dole sai da React kafin in gina shafin shagonmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, gidanmu a Mabera. Ina son gina wa mahaifina shafin intanet na shagonsa na kayan fata. Duk darasin da na buɗe sai a ce in sauke React da tarkacensa, data ta ƙare, kwamfutata mai RAM 4GB ta kama nishi. Babu wata hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Akwai, kuma ita nake so ka fara bi. Shafin da zai nuna jaka, takalmi da farashi ba ya buƙatar React (wato tarin kayan aiki da aka riga aka rubuta don gina shafuka), kuma wanda ya haɗa kayan aikinsa da hannunsa ya fi sanin inda zai duba ranar da abu ya lalace.

Buɗe folda ɗaya, ka saka fayil uku: index.html, style.css da app.js. A cikin index.html ka kira app.js da script type="module". Tun 2015 JavaScript, harshen da ake rubuta app.js da shi, ya samu import da export, umarnin da ke ba fayil damar ɗauko aiki daga wani fayil, Chrome da Firefox kuma sun daɗe da gane su, don haka za ka iya rarraba aikinka ƙananan fayiloli ba tare da wani ɗan tsakiya ba.

Nan ne yawancin ɗalibaina ke tuntuɓe. Mutum ya danna index.html sau biyu, shafi ya fito amma maɓallai ba sa motsi, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Danna F12 ka ga jan rubutu: burauza ce ta ƙi ɗauko module, wato fayil irin app.js ɗinka, daga adireshin da ya fara da file. Maganinsa layi ɗaya ne. Idan kana da Python, buɗe terminal (tagar rubuta umarni) a cikin foldar ka rubuta python -m http.server 8000, sannan ka buɗe localhost:8000 a burauza. Wannan ba ya cin ko kwabo na data, ko an ɗauke wuta kana aiki muddin batir na da rai.

Sai fayilolin sun yi yawa za ka nemi Node.js, manhajar da ke zuwa da npm, abin sauke kayan aikin JavaScript. Rubuta npm init -y, sannan npm install --save-dev esbuild. Ina son esbuild, mai haɗa fayiloli wuri ɗaya, saboda ƙarami ne kuma yana da sauri; da harshen Go aka rubuta shi. Umarnin npx esbuild app.js --bundle --minify --outfile=dist/app.js zai dunƙule komai wuri ɗaya ya matse, abin da mai saye daga Illela ko Tambuwal zai ji daɗinsa idan netwok ya yi rauni. Kar ka manta da git init don Git ya riƙa adana tarihin aikinka, kuma ka sa node_modules (foldar abubuwan da npm ya sauke) cikin .gitignore, jerin abin da Git zai tsallake.

Hotuna su ne nauyin gaske. Rage girmansu kafin ka ɗora. Daga nan ka haɗa kwamfutar da wayar Baba a hotspot ɗaya, ka rubuta lambar IP (adireshin kwamfutar a netwok ɗin) da :8000 a ƙarshe a burauzar wayar, ka miƙa masa wayar ya duba jakunkunansa da kansa.