Ciwon Arthur bai faɗo daga sama ba

Malam, ka tambaya ko jan-ƙafar wasan bidiyo na Red Dead Redemption 2 aibu ne, ka kuma ce ciwon Arthur, jarumin wasan, ya zo kwatsam. Wanda bai gama wasan ba ya tsaya nan, zan tona labari.

Koma babi na 2, inda Strauss, mai ba da bashi na gungun 'yan fashin su Arthur, ya tura shi karɓo bashi wurin wani mai suna Thomas Downes. Arthur yana cikin jibgar bawan Allah, shi kuwa Downes ya yi masa tari a fuska har da jini. Sai a babi na 5 likitan birnin Saint Denis ya ce tarin fuka ne, cutar da a 1899 ba ta da magani. Tun ranar dukan nan aka shuka ajalinsa, kuma zaluncinsa ne ya jawo masa.

Tafiyar hawainiyar ma da dalilinta. Da ba ka je farauta da Hosea ba, ba ka sha hira da Lenny ba, wato 'yan gungun su Arthur, mutuwarsu a fashin banki ba za ta taɓa maka zuciya haka ba.

Inda na goyi bayanka shi ne Guarma, tsibirin da su Arthur suka faɗa a babi na 5. An raba mu da doki da sansani daidai lokacin da labari ya ɗau zafi, aka cika mu da harbe-harbe. Wannan yanki kam ya gajiyar da ni.