Sayar da sandar pul ta hannu: abin da mai saye ya cancanci ya sani

Tambaya: Ina da sandar buga pul (wasan buga ƙwallaye da sanda a kan teburi) ƙirar kamfanin McDermott wadda na shekara huɗu ina wasa da ita, yanzu kuma ina son sayarwa. Wanda ya taya ya ce sai na yi masa ragi mai yawa, saboda fatar kanta ta cinye kuma jikinta na da tabo. Yana da gaskiya?

Amsa: Malam, ƙorafinsa na fata ba shi da ƙarfi. Fatar kan sanda, wadda faɗinta kan kai milimita 12 zuwa 13, dama abar canzawa ce, kuma duk mai wasa a kai a kai ya san allin da ake goga mata da dukan ƙwallo suna cinye ta. Ka sa mata sabuwa kafin ciniki, ko ka cire kuɗin canjin kawai daga farashi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne miƙewar sandar. Itace yana jin zafi da danshi, musamman idan an saba barin sanda cikin mota ko a jingine ta da bango tsawon lokaci. Ka kwance ta gida biyu, ka mirgina kowane ɓangare a kan teburin wasa a gaban mai sayen, sannan ka haɗa su ka sake mirginawa. Idan kan yana ɗagawa yana sauka, to ta lanƙwashe, kuma wannan aibi ne da ba kasafai gyara ke kawar da shi ba. A nan ragi haƙƙinsa ne, kuma ina roƙonka kada ka jira sai ya gano da kansa. Haka nan ka duba farin zoben da ke ƙarƙashin fatar da kuma mahaɗin tsakiya, domin tsagewa a waɗannan wurare tana sauya ƙarar bugu da yadda hannu ke jin sa.

Ka faɗa masa tsawo da nauyi daidai. Yawancin sandunan pul inci 58 ne, nauyinsu kuma tsakanin oza 18 da 21. Idan ta intanet za ka sayar, ka ɗauki hoton kowane tabo daga kusa da rana, ka kuma yi magana a fili kan ko za ka karɓi sandar idan ya dawo da ita, da kwanakin da ka ba shi ya gwada ta.