Kafin a Buɗe Bokitin Fenti

Sani, na ga takardu ukun da ka ajiye mini a shago. Ka ce kawunka na kasuwar Mile 12 yana son a sake wa benensa na unguwar Agiliti a nan Legas fenti ta waje, mutum uku sun ba shi farashi, na ɗaya kusan rabin na sauran ne, shi kuma ya ce tunda kana cikin sana'ar ka zaɓa masa. Kana tambaya yaya ake gane ɗan kwangilar da za a sakar wa aiki, alhali kowannensu ya rantse shi ne gwani. Ba don aikin Ikeja ya riƙe mu ba, da mu za mu yi masa. Kai kuwa hannunka bai kai ka karɓi bene kai kaɗai ba tukuna, kada ma ka fara wannan tunanin.

Ajiye takardun nan gefe. Ka fara tambayar kawunka: a cikin su ukun, wa ya tako ya zagaya gidan da ƙafarsa? Duk wanda ya yanka farashi ta waya, ko daga hoton da aka tura masa ta WhatsApp, cire shi, ko da ɗan unguwarku ne. Bangon waje a Legas ba a yi masa kuɗi daga nesa, domin abin da ke cin kuɗi da lokaci ba shafa fentin ba ne, gyaran bangon ne kafin a shafa, shi kuwa sai an taɓa ake sani.

Ka sha ganina idan muka je duba aiki. Nakan goga tafin hannuna a jikin bango in duba. Idan hannu ya fito fari fat da gari, tsohon fentin ya mutu, duk abin da aka ɗora a kansa tare za su zubo. Sai in ɗauki makulli in riƙa ƙwanƙwasa filasta ina saurare. Inda ta kama bulo sosai ƙarar a cushe take fita, inda ta saki kuwa za ka ji kwam-kwam, akwai rami a baya, wannan sai an fasa an sake filasta. Daga nan in ɗaga kai sama: ina ruwan kwano yake sauka, indararo ya tsage ne, baƙin layin nan da ya gangaro daga ƙasan taga daga ina ya taso, bututun banɗakin sama yana yoyo ne a cikin bango? Mutumin da ya zo gidan kawunka ya yi irin wannan dube-dube, har ya dame shi da tambayoyi, shi ne ya san abin da yake yi. Wanda ya tsaya a bakin get yana tambayar wace kala Alhaji yake so, kala kawai zai sayar masa.

Gidan nan kuma a Agiliti yake, wannan kaɗai ya isa a tsaya a yi tunani. Wurin kwari ne, kuma duk shekarar da aka saki ruwan madatsar Oyan kogin Ogun ya cika, su Agiliti da Owode da Isheri ne ke fara kwana cikin ruwa. Bangon da ya taɓa tsayawa cikin ambaliya, ko wanda ba a shimfiɗa wa ledar hana danshi a harsashi ba, yana shan ruwa daga ƙasa yana hawa da shi. Za ka gane shi daga ƙasa zuwa wajen gwiwa ko ƙugu: fenti ya kumbura yana ɓarewa, ga wani farin gari kamar kanwa yana tsattsafowa. Gishirin da ke cikin siminti da yashi ne ruwa ke fitowa da shi, idan ya bushe ya bar shi a fuskar bango. Babu fentin da ke maganin wannan, komai tsadarsa. Sai an kankare wurin har zuwa filasta, wani lokaci har bulo, a gyara hanyar da ruwa ke bi ya kwanta a gindin bango, a sake filasta da sinadarin hana ruwa, a bar shi ya bushe. In kana son ka tabbatar, yanki leda mai faɗin tafin hannu biyu, ka manna ta a bangon da salatif ta ko'ina, ka dawo washegari. Idan ka ɓamɓare ka ga raɓa a cikinta, ko wurin ya yi duhu, bangon bai shirya karɓar fenti ba. Ɗan kwangilar kirki zai faɗa wa kawunka wannan maganar ko da ba ta yi masa daɗi ba, ya ce Alhaji, a fara kiran magini. Wanda ya ce ai fentinsa mai ƙarfi ne zai rufe komai, gaskiya ya faɗa, zai rufe, har zuwa ruwan watan Yuni.

Yanzu ɗauko takardun. Mai arahar nan layi ɗaya ya rubuta: fentin gida gaba ɗaya, kaza. Ba sunan fenti, ba yawan bokiti, ba maganar wanki ko firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, ba a ce sau nawa za a shafa ba. Ai fenti ɗaya muke saya a gari ɗaya, leburori ma kuɗinsu bai bambanta sosai ba. To ta ina ya rage rabi? Ba daga ribarsa ba, na rantse maka. Daga bangon kawunka zai cire. Ba zai wanke gansakuka da ruwan bilic ya ɗauraye ya bari ya bushe ba, a kanta zai bi da rola, bayan wata kaɗan koren ya huda ya fito. Ba zai buɗe tsagewa ya cike ta ba. Firaima kuwa, wadda ke kama garin tsohon bango kuma take tare zafin sabon siminti kada ya cinye kala, ba zai saya ba sam. Sai ya tuttula wa bokiti ɗaya ruwa ya zama biyu, ko ya kawo fentin ruwa na cikin ɗaki ya shafa a waje. Ranar da ya gama, gida zai yi fes, maƙwabta su yi ta sambarka, shi kuma ya karɓi cikon kuɗinsa. Abin da ya sa ake cutar mutane a sana'armu ke nan: aikin ƙwarai da na algus kamanninsu ɗaya ranar farko. Araha ba ta ado.

Ban ce mai tsada shi ne mai gaskiya ba. Akwai masu rubuta bokiti goma su shafa shida, huɗu su bi ta bayan katanga. Shi ya sa nake matsa maka ka iya lissafi. A ce tsawon benen mita 15 ne, faɗinsa 10, tsayinsa 6. Kewayensa mita 50, ka ninka da 6, sukwaya mita 300 ke nan. Cire tagogi da ƙofofi, a ce 40, saura 260. Sau biyu za a shafa, ya zama 520. Fentin waje mai kyau, a kan filastar da ba ta da santsi sosai, lita ɗaya takan ci sukwaya mita 8 zuwa 10. Ka ga lita 52 zuwa 65, wato bokiti uku zuwa huɗu na mai lita 20, ban da firaima, ban da katanga. Tekskot kuwa, fentin nan mai yashi-yashi da mutanen Legas ke so, ko rabin wannan faɗin ba ya kaiwa, kuma ni ba na son sa a wuri mai laima domin ƙura da gansakuka na samun maƙale a jikinsa, amma wannan ra'ayina ne, masu gida da yawa ba sa ji. Kowane kamfani yana rubuta nasa ƙiyasin a jikin bokiti, ka karanta. Wanda ya rubuta maka bokiti biyu ka san ruwa zai shafa, wanda ya rubuta tara ka tambaye shi ina sauran za su.

A kan sayen fentin, shawarata kawunka ya saya da kansa, ko ku tafi tare da mai aikin. Ga Berger a Oba Akran, ga CAP masu yin Dulux a Adeniyi Jones, duk a nan Ikeja, kuma suna da shagunan da ake haɗa kala a wurare da dama cikin gari. Akwai ƙananan kamfanoni masu fenti mai kyau su ma, sai dai a duba tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya, a karɓi rasit. Abin da ake gudu shi ne bokitin babban kamfani da aka sayi fankonsa aka ɗura masa wani abu. Don haka a buɗe kowane bokiti a gaban mai gida ko wakilinsa, a ga hatimin murfin bai taɓu ba, fankon kuma ya zauna a gidan har a gama a ƙirga. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan sharaɗi. In ka ga fuskar mutum ta canza da aka ce mai gida ne zai sayo kaya, ka san inda ya sa ran cin ribarsa.

Duk wannan bai kai abu guda ba: ya kai ku gidan da ya yi wa fenti wanda ya ga damina biyu. Ba na watan jiya ba, ba kuma hoto a Instagram ba, don hoto ko na aikin wani sai a ɗauka. Gani ya kori ji. Ku je, ka bar gaban gidan da kowa ke gyarawa, ka zagaya baya inda rana ba ta cika bugawa, ka duba gindin bango, ƙasan tagogi, da wajen tankin ruwa. Ka goga hannu. Sannan ka ja mai gidan ko maigadi gefe ka tambaya: ya gama a lokacin da ya ce? Ya dawo neman ƙari a tsakiyar aiki? Yaransa sun bar ɗigon fenti a tayil da gilas? Da aka kira shi daga baya ya ɗaga waya? Maigadi ya fi mai gida faɗin gaskiya, shi ne ya wuni da su. Idan gidan da ya nuna maka a Lekki ko Ajah yake kuma bangon na nan da kyaunsa, to ka riƙe mutumin nan, domin iskar teku mai gishiri ba ta raga wa aikin ha'inci, ƙarfen taga ma cinye shi take yi.

Na san abin da kawunka zai ce, wai a ba namu. Ni ma ina son namu su samu. Amma na yi aiki da Yarabawa da Inyamurai da yaran Kwatano da Togo, na ga gwanaye na ga 'yan damfara a kowane ɓangare, har da waɗanda muke sahu ɗaya da su a masallaci. Amfanin ɗan gida guda ne: an san inda yake kwana, akwai babban da za a kai ƙararsa. To ko wane ne, a nemi wannan: shagonsa, ubangidan da ya yaye shi, da mutum ɗaya mai mutunci da zai tsaya masa. In ya ce kamfani gare shi, ana iya duba sunan a shafin hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, sai dai rajista ba ta riƙe burushi.

Maganar kuɗi kuma a rubuta, da shaidu, ko da kunya za ta kama kawunka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, balle kwangila da baƙo. A sa sunan fenti da lambar kala, wanki da kankara, cike tsagewa, firaima, shafawa biyu, fentin mai na ƙarafan taga da get bayan an kankare tsatsa an sa jan fentin ƙarfe, da wanda zai biya hayar sikafol, wato ƙarafan da ake haɗawa a hau a yi aikin sama. Wannan na ƙarshe kada a bar shi a baki. Bene ba a yi masa fenti da tsani biyu da aka ɗaure da igiya, kuma idan yaro ya faɗo a gidan kawunka, ba ɗan kwangila kaɗai 'yan sanda za su nema ba. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai kawo ma'aikata da kayan hawa. Kashi na gaba sai an gama gyaran bango, kai da kanka ka je ka gani kafin firaima ta rufe shi, don daga nan babu mai sake ganin abin da ke ƙasa. A riƙe kamar kashi goma cikin ɗari har sai an sauke sikafol, an share gida, an zagaya da rana tsaka an duba.

Sai lokaci. Ruwan Legas yakan fara wajen Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Aikin waje daga Nuwamba zuwa Maris ya fi kwanciyar hankali. Wanda ya ce zai gama bene cikin kwana uku a tsakiyar Yuli, ko bai san garin ba ko bai damu ba. Inda aka yi sabuwar filasta kuma a ba ta kamar mako huɗu. Ka lura ko mai aikin yana bin inuwa yana zagaya gida, don bangon da rana ta gasa yana busar da fenti kafin ya kama.

Abu ɗaya da ba na son ka yi wasa da shi: tsohon fentin mai da ke jikin ƙarafa da ƙofofi, wani yana da dalma a ciki. Ka tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010; can daga haƙar zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Idan za a goge da sanfefa a jiƙa wurin, a kawar da yaran gidan, a share garin, mai gugar ya rufe hanci. Ka tambayi ɗan kwangilar yadda yake yi da wannan, ka ji abin da zai ce.

Ranar Asabar ka ɗauki tef da leda da salatif ka tafi Agiliti, ka auno mini bangon huɗu, ka manna ledar a gindin bangon baya. Mutum biyun da suka rage bayan mai arahar kuma ka ce kowanne ya ba ka adireshin tsohon aikinsa. In an zo gamawa, ka tabbata an bar wa kawunka ko galan ɗaya na ragowar fentin a rufe, da lambar kalar a rubuce a jikin murfin.