Amsa: Mirrorless ko DSLR don hoton tsuntsu yana tashi?

Malam, ka tambayi wace kyamara ta fi dacewa da ɗaukar balbela da shirwa suna shawagi a fadamar Argungu. Ni dai mirrorless zan ce, wato kyamarar da ba ta da madubi a cikinta, ba DSLR mai madubi a ciki ba. Canon R7, wadda mirrorless ce, tana gane idon tsuntsu ta bi shi duk inda ya karkata, tana ɗaukar hoto 15 a daƙiƙa, ita kuwa Nikon D500, wadda DSLR ce, 10 take yi.

Sai dai mirrorless akwai cin batir, ga halin wutarmu a Kebbi, sai ka tanadi biyu. Da hunturu kada ka cire lens a fili, ƙura za ta shiga. In aljihu bai kai ba, nemi D500 ta hannu, ragowar kuɗin ka zuba a lens mai 400mm, mai jawo abin da ke nesa.