Mita 24 ɗin nan ba duka ne na tukwane ba

Assalamu alaikum jama'ar gurup. Ƙanena, na saurari tambayarka, kuma na ga lissafin da ka turo. Ka ce filin mita 6 ne a tsawo, mita 4 a faɗi, kana so ka yi ɗan shagon kayan lambu, dashe da iri da tukwane da taki da su shebur. Ka ce 6 sau 4 ya ba ka murabba'in mita 24, ka raba da gurbin tukunya ɗaya mai faɗin santimita 15, sai ka samu tukunya 1,066, kana tambaya ko daidai ne. To lissafin daidai ne, babu malamin da zai ci ka gyara a kansa. Amma ni abin da na ji kana tambaya shi ne, wurin zai ishe ka ko ba zai ishe ka ba. Ita zan amsa.

A takarda tukunya 1,066 za su shiga, idan kai ba za ka shiga ba. Ka jere su tun daga bango har bango, ka tsaya a waje kana leƙensu ta taga. Ina mai saye zai taka? Ina kai za ka zauna? Ƙofa ta ina za ta buɗe?

Da farko ma, 6 da 4 ɗin nan awon waje ne ko na ciki? Ba ka faɗa ba. Idan na waje ne, bango zai ci nasa. Bulo mai inci 6 kusan santimita 15 ne, kuma bango biyu ne a kowane ɓangare, wato 30 ta tafi a tsawo, 30 ta tafi a faɗi. Ciki ya koma 5.7 da 3.7. Ka buga a wayarka, 21.09 za ka gani. Murabba'in mita kusan 3 sun tafi tun ba ka sa ko tsinke a ciki ba, ban ma sa filasta a lissafin ba.

Yauwa, kafin in manta. Ɗan'uwanmu da ya amsa maka jiya ya ce a mayar da shi ƙafa, ya ɗauki 24 ya ninka da 3.28 ya ce ƙafa 79 ne. Malam, da girmamawa, ba haka ba ne. Mita ɗaya ƙafa 3.28 ce a tsawo kawai. In ana maganar fili, tsawon ya ninku, faɗin ma ya ninku, don haka 3.28 sau 3.28, wato 10.76. Murabba'in mita 24 ya kai murabba'in ƙafa 258. Ka je wurin mai tayil da 79 ka ga ko sulusin ɗakin zai rufe. Kuma don Allah ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Tef yana da santimita a gefe ɗaya, inci a ɗaya gefen, idan yaronka yana karanta gefen sama kai kana rubuta na ƙasa, an gama da ku.

To mu shiga ciki. Ka ɗauka ƙofar tana ɓangaren da ya fi gajarta, faɗin da kake da shi 3.7. Kanta a bangon dama, kanta a bangon hagu, kowace zurfinta santimita 60. Kada ka wuce 60, don hannun mutum ba ya kai wa can ciki sai ya kwanta a kan kaya, abin da ke baya kuwa ba a ganinsa, ba a sayensa, kai ma sai ka manta ba ka ba shi ruwa ba. Kanta biyu sun ci 1.2, saura 2.5. Ka sa tebur a tsakiya mai faɗin 70, sai hanya biyu, kowace 90. Ka tara: 90 da 90 da 70, 250 cif. Hanyar nan kada ka matse ta. Mutum ne zai wuce riƙe da tukunya a hannu biyu, wani yana tsugune yana duba ta ƙasa, kai kuma da safe kana turo baro. Ka auna baronka daga hannu zuwa hannu ka ƙara masa wurin gwiwar hannunka. In da hali ma mita 1.2 ta fi, amma a 3.7 babu hali sai ka cire teburin.

Hanyoyin nan biyu, 0.9 sau 5.7 sau 2, sun ci 10.26. Rabin shagon ke nan, ƙanena, rabi, kuma ba ka ajiye komai a kansu ba. Teburin tsakiya ma ba zai tafi har ƙarshe ba. Ka bar 1.2 a gaba saboda ƙofa da masu shigowa, ka bar 90 a baya don a zagaya, sai ya rage maka 3.6. Faɗinsa 0.7, to 2.52. Kantar hagu 5.7 sau 0.6, 3.42. Ta dama ka cire mata mita 1.5 inda za ka zauna ka karɓi kuɗi, saura 4.2, ita ma 2.52. Ka haɗa duka, 8.46. Daga 24 ka dawo 8 da rabi. Wannan shi ne ƙasan da kaya zai hau.

Kada gabanka ya faɗi, akwai sama. Kantar bango ka yi mata hawa 3, sai 5.94 ɗin nan na bango biyu ya koma 17.82, ka ƙara tebur, ka haura 20. Sai dai hawan ƙasa ba na shuka ba ne, haske ba ya kai wa. Nan ne wurin buhunan taki da tukwanen da babu komai ciki da mesa da butar ban-ruwa. Mai nauyi a ƙasa kullum. Buhu mai kilo 50 ba ya hawa kanta ta uku, kuma ƙasar tukunya in ta sha ruwa nauyinta ƙaruwa yake yi, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka faɗa wa kafinta haka tun kafin ya zaɓi katako. Iri kuma ka kai shi can inda feshin ruwa ba ya zuwa. Shebur da manjagara da fartanya a bango za ka rataye su, ba sa cin ƙasa ko taku ɗaya.

Yanzu tukwanen. Tebur ɗin santimita 70 ne da 360. Idan ka bi hanyarka ta raba fili da fili, 70 sau 360 wato 25,200, a raba da 15 sau 15 wato 225, za ka ce 112. A jere layi-layi ba za su shiga ba. Ka jera su da hannu: 70 a raba da 15, layi 4 ne, saura santimita 10 da ba ta ɗaukar komai, rabin tukunya ba tukunya ba ce. A tsawo 24. To 4 sau 24, 96. Kuma wannan baki da baki ne. Shuka tana da ganye, ganyen ya fi bakin tukunya faɗi, idan ka cusa su iska ba ta ratsawa, suna miƙewa sirara suna neman haske. Ka ba kowace 20, sai ya zama layi 3 sau 18, wato 54. Daga 112 zuwa 54 a tebur ɗaya. Shi ya sa na ce a ƙirga layi-layi.

Amma duk wannan da na faɗa, sai in kusurwoyin ɗakin sun tsaya daidai. Nan ne ni raina yake ɓaci. Akwai wani magini da ya taɓa yi mini ɗan ɗaki irin wannan, ba zan kama suna ba. Ranar da za a fitar da tushe na zo da igiya da tef na ce a gwada kusurwa. Ya yi dariya, ya ce shi tun ban san haruffa ba yake gini, idonsa ya fi tef. Na ce to. Abin kuma ba wahala gare shi ba, minti biyar ne. Ka kafa turke a kusurwa, ka auna mita 3 a wannan layin, mita 4 a wancan layin, tsakanin alamun biyu dole ya zama mita 5. In bai zama 5 ba, kusurwar a karkace take. Ka'idar Fitagoras ce da aka yi mana a makaranta muna hamma, 9 da 16 sun ba da 25, shi kuma 5 sau 5 ne. In tef ɗinka gajere ne ka yi 60, 80, 100 da santimita, duk ɗaya ne. Sannan ka ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ka sake ja ta ɗaya ɓangaren, su biyun su zo daidai. A naka, 6 da 4, kowace 7.21 za ta ba ka.

Shi wannan bawan Allah bai yi ba. Ya auna tsawo, 6 nan 6 can, faɗi ma daidai, ya ce ka gani? Ai ɓangarori za su iya zama daidai ɗaki kuma ya karkace, kamar kwalin da aka danna ta gefe. An gama gini, kafinta ya kawo kanta da ya haɗa a wurin aikinsa bisa awo, ta ƙi zama. Gaba ta manne da bango, baya hannuna yana shiga. Mai tayil ya zo, layin farko lafiya, yana kai wa ƙarshe sai yanka yake yi siriri-siriri, tayil nawa aka fasa a banza. Na kira maginin, ka san me ya ce? Wai kafinta ne bai iya aiki ba. Kafinta! Mutumin da ya zo da sikwaya, abin gwada kusurwa, a aljihu. Har yau in na shiga ɗakin na kalli layin tayil ɗin nan sai na tuna dariyar da ya yi. Kuma wallahi ba kuɗin ne ya fi damuna ba, cewar da ya yi idonsa ya fi tef. Wane ido? To, a bar shi, Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Ina nake? Tayil. In za ka sa, ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, wato 21 ta koma 23 da ɗoriya. Ko da yake, tsaya, ni shagon shuka ban ma ga amfanin tayil mai santsi ba, kullum ƙasan a jiƙe yake, wani zai zame. Siminti mai ɗan kaushi ya fi. Abin da ya zama dole shi ne gangare. Ka ba daɓen santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ya nufi inda ruwa zai fita. A tsawon 5.7 kana maganar santimita 6 zuwa 11 tsakanin wannan ƙarshen da wancan. Ido ba zai lura ba, amma ruwa zai bi. In ka yi shi a shimfiɗe sumul, kullum kana tare ruwa da tsintsiya, ƙafafun kanta kuma suna ruɓewa.

Ƙofa kuma, mai faɗin 90 in tana buɗewa ciki tana share rubu'in da'ira, kusan murabba'in mita 0.64 da ba za ka ajiye komai a kai ba. Ka sa ta buɗe waje ko ka yi mai turawa gefe.

Zancen rufi, kada ka sayi kwano da awon ƙasa. Rufi a jingine yake kuma yana zarce bango, don haka ya fi ɗakin faɗi, kwanon ma ana ɗora bakin wani a kan wani. Mai rufin ya ba ka adadi bayan ya auna katakon sama. Amma wajen tara ruwan sama, awon ƙasa ake bi. Milimita 1 ta ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ruwan milimita 10 a rufinka lita 240 ke nan. Mai sayar da shuka ya bar wannan yana zuba a banza? Ka sa indararo da tanki, ka ware wa tankin wurinsa a waje tun yanzu. Fenti kuwa, ka tara kewaye ka ninka da tsayin bango ka cire ƙofa da taga... kai, bar zancen fenti, ba ka kai nan ba tukuna.

Abin da za ka yi a makon nan: ka samo takarda mai gida-gida, santimita 2 a takarda ta tsaya a madadin mita 1, shagon zai fito 12 da 8. Ka yanka guntayen kwali a madadin kanta da tebur da wurin zamanka, ka yi ta juya su. Wanda ya kwanta maka, ka je filin da kanka, zuwa da kai ya fi saƙo, ka zana shi a ƙasa da alli ko igiya, ka tura baro a cikin hanyar, ka sa mutum biyu su gifta juna. Sannan ka turo mini abu uku: awon nan na ciki ne ko na waje, nawa igiyar kusurwa zuwa kusurwa ta ba ka duka biyun, da kuma ta wane ɓangare rana take shigowa da safe, don shi zai nuna inda teburin dashe zai zauna. Kuma da mita za ka turo, kada ka haɗa mini da ƙafa.