Tambaya da Amsa: Me ya haɗa wasa da harin intanet?

Tambaya: Malam don Allah meye harin DDoS, naji ance da lissafin wasa ake tunkararsa, wane irin wasa kuma? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa cunkoso ne ake haɗawa da gangan, dubban na'urori suyi ta antayo saƙo kan saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, har ta ƙame, haka Mirai, wata muguwar manhaja mai kame na'urorin mutane, tayi wa kamfanin Dyn mai haɗa masu amfani da intanet da adireshin shafuka a Oktoban 2016, Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa a Amurka, harda kyamarorin tsaro fa aka yi aikin! Wasan kuwa kamar dara ne, kowa na karanta motsin abokin karawarsa. Mai tsaro in ya tsananta tace saƙonnin da ke shigowa ya kori kwastomominsa, in ya sassauta maharin ya kutsa, shima maharin, kuɗi yake ƙonawa. Inda kowannensu yaga canza dabara shi kaɗai ba riba, nan ne ake kira daidaiton Nash.