Hukuncin karɓar kuɗin rashin aiki a Amurka da ɓoye aikin gefe

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma ina da takardar izinin aiki. Kamfanin da nake wa aiki ya rage ma'aikata, abin ya rutsa da ni. Na nemi kuɗin rashin aiki a Ma'aikatar Ƙwadago ta jiha, an amince, yau sati shida ke nan ina karɓa. Wasu sun ce inshora ce, don haka haram ce. Sannan ina taya wani ɗan'uwa tsaron shago kwana biyu a sati, yana biyana a hannu, kuma ban taɓa faɗa wa ma'aikatar ba, don abokai sun ce kuɗin gwamnatin da ba ta Musulunci ba ne. Ina kuma so in je gida wata ɗaya in duba mahaifiyata, in bar wa ƙanena lambar sirri ya riƙa amsa tambayoyin sati a madadina. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya musanya maka da aikin da ya fi alheri, ya ƙara wa mahaifiya lafiya.

Asalin kuɗin halal ne, ka ci hankalinka kwance. Inshorar da malamai suka hana ita ce ta kasuwanci, wadda mutum ke sayen tabbaci daga kamfani mai neman riba, bai san abin da zai samu a madadin abin da ya biya ba. Ita ce Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta a 1985, ta halatta ta taimakekeniya. Abin da kake karɓa tsarin gwamnati ne da dokar Amurka ta 1935 ta kafa, kowace jiha tana gudanar da nata. A New York masu ɗaukar ma'aikata ne ke zuba haraji a asusun, ba a yankar albashinka dominsa, ba ka kuma ƙulla wani ciniki da kowa ba. Tun 1965 Majalisar Binciken Musulunci ta Azhar ta halatta fansho da tsare-tsaren tallafin jama'a na gwamnati irin wannan. Kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wa Sayyidina Umar, abin da ya zo maka na wannan dukiya ba tare da kwaɗayi ko roƙo ba, ka karɓe shi. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Cike takardar neman haƙƙin da doka ta ba ka ba ya cikin roƙon da aka zarga.

Sai dai halascin a ɗaure yake da sharaɗi, kuma sharaɗin ana sabunta shi kowane sati. Satin ma'aikatar yana farawa Litinin ya ƙare Lahadi. Duk lokacin da ka shiga intanet ko ka buga waya don neman kuɗin satin da ya wuce, ana tambayarka: ka yi aiki? Awa nawa? Kana da lafiyar aiki, kuma a shirye kake? Ka ƙi wani aikin da aka yi maka tayi? Amsarka shaida ce kake bayarwa a kan kanka, kuma a kanta ake sakin kuɗin. Allah ya ce: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alƙawura" (Ma'ida, aya ta 1), ya kuma ce ku nisanci maganar zur (Hajji, aya ta 30). Wanda ya tsaya a shago Asabar da Lahadi, ya zo ya danna "ban yi aiki ba", ya yi ƙarya, kuma abin da ƙaryar ta jawo masa cin dukiya ne da ɓarna.

Maganar abokanka ba ta da madogara, kuma ina so ka lura da wannan sosai, domin ta halaka mutane da yawa a ƙasashen waje. Ka shiga ƙasar nan da amana, takardun da ke hannunka alƙawari ne tsakaninka da hukumomin ƙasar. A ƙissar Hudaibiyya da Bukhari ya kawo, Mugira ɗan Shu'uba ya yi tafiya da wasu mushirikai tun kafin ya musulunta, ya yaudare su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo Madina ya karɓi Musulunci. Annabi (SAW) ya ce masa Musuluncin na karɓa, amma dukiyar babu ruwana da ita. Masu dukiyar ba Musulmi ba ne, amma yaudarar da aka yi ta haramta ta. Hadisin Muslim kuma a sake yake, bai ware kowa ba: wanda ya yi algus ba ya tare da ni.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne, dokar da kanta ta bar maka ƙofa, ba ka buƙatar ɓoyon. Tun watan Janairu na 2021 New York take lissafin aikin gefe da awoyi, kuma ga yadda lissafin yake tun watan Agusta na wannan shekarar. Idan awa 10 ka yi ko ƙasa da haka a sati, ba a rage maka komai. Daga awa 11 zuwa 16 za ka samu kashi 75 cikin ɗari na kuɗinka, daga 17 zuwa 21 rabi, daga 22 zuwa 30 kashi 25, in ya haura 30 babu kuɗin wannan satin. Ba a ƙirga fiye da awa 10 a yini ɗaya. Haka kuma idan abin da ka samu a satin, kafin a cire haraji, ya wuce mafi girman abin da jiha ke biya a sati, ba ka da kuɗin satin. Inda mutane ke yawan kuskure shi ne satin da za su faɗa: ana faɗin aiki a satin da aka yi shi, ko da ba a biya ba tukuna. Aikin hannu da hannu, da tuƙin haya ta manhajar waya, da sana'ar kai, duk aiki ne.

Yanzu sai satuttukan nan shida. Mu ɗauka kana yin awa 8 a yini, awa 16 ke nan a sati, kuma ana ba ka dala 400. Haƙƙinka dala 300 ne, dala 100 ta kowane sati ba taka ba ce, jimla dala 600. Ka zauna ka rubuta ainihin ranaku da awoyinka, ka sanar da ma'aikatar a rubuce ta akwatin saƙon da ke shafinka, ka ajiye kwafi. Tuba daga haƙƙin wani ba ta cika sai an mayar, kuma tun da an san mai haƙƙin, ana iya kaiwa gare shi, ba ya isarwa ka yi sadaka da kuɗin ko ka zuba a masallaci. In ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ana yin yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan.

Ba zan ɓoye maka ba, faɗin gaskiyar zai iya zuwa da tsada. Idan suka yanke cewa da gangan ka ɓoye, ban da mayar da kuɗin akwai tarar kashi 15 cikin ɗari ko dala 100, wanda ya fi yawa, da kuma hana ka wasu kwanakin biya nan gaba. Suna iya tambayar sunan mai shagon, don haka ka fara gaya masa, amma tsoron da zai ji ba ya halatta maka ci gaba da ƙarya. Kafin ka aika, ka nemi lauyoyin da ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta, akwai su a birnin, domin abin da ya shafi zamba yana iya taɓa takardun zaman baƙo. Barin abin yana ƙara nauyinsa ne kowane sati, kuma ma'aikatar tana gwada bayananka da rahoton albashi da na sababbin ma'aikata da kamfanoni ke aika wa hukuma. Tana kuma iya cire bashin daga rarar harajin da ake mayar maka.

Batun ƙanenka bai halatta ba, kai da shi duka, domin taimakekeniya ce a kan zunubi. Zai ce kana nan a shirye, alhali kana gida. Ƙa'idar jihar ita ce ba a neman kuɗin sati daga wajen Amurka da yankunanta da Kanada, kuma ba wa wani lambar sirrinka zamba ce a wurinsu. Ka je ka gaida mahaifiya, wannan ibada ce babba. Ka sanar da su ranar tafiya, ka daina nema, in ka dawo ka sake buɗe buƙatarka. Sati 26 ɗin da ake biya ana cin su ne cikin shekara ɗaya daga ranar da ka fara nema, tafiyar wata ɗaya ba ta cinye su matuƙar shekarar ba ta ƙare ba. Hukuncin mai tafiya Umara ko Hajji ke nan shi ma.

Neman aikin ma sharaɗi ne: abubuwa uku na neman aiki kowane sati, da rubuta kwanan wata, da sunan wurin, da yadda ka tuntuɓe su. Kada ka cika takardar da sunayen wuraren da ba ka nema ba. In aka yi maka tayin aikin da addini ya hana, kamar sayar da giya, ka ƙi, ka kuma faɗi ainihin dalilinka. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1963 da 1981 cewa ba a hana mutum wannan kuɗi don ya ƙi aiki ko ya bar shi saboda addininsa na gaskiya, ko da yake kowace shari'a ana duba ta da hujjojinta.

Idan kuma aka yanke maka hukuncin da kake ganin zalunci ne, neman haƙƙi halal ne, kada ka yi shiru. Kwana 30 gare ka daga ranar da aka aiko takardar ka nemi zama gaban alƙalin ma'aikatar, in hukuncinsa bai gamsar da kai ba kana da kwana 20 ka ɗaukaka ƙara. Ka ci gaba da amsa tambayoyin sati kana jira, domin satin da ba ka nema ba da wuya a biya ka shi ko ka yi nasara. Ka tafi da takardar sallamarka da takardun albashi, ka nemi tafinta, kyauta ne. A gaban alƙalin ka faɗi abin da ya faru kawai, domin Annabi (SAW) ya gargaɗi wanda ya fi abokin shari'arsa iya magana har aka yanke masa abin da ba nasa ba, cewa yankin wuta aka yanka masa.

Allah ne mafi sani.